Gurbi Na Biyu

Rana ta yi ja lokacin da Maman Aku ta ce wa kanta saura kaɗan ta tashi. Duk mai aikin kwamfuta ya san wannan ƙaryar, kuma kullum shi ne farkon mai yarda da ita.

Ofishin nasu dogon ɗaki ne a hawan sama, tebura jere da bango, a ƙarshensa wani ɗan ƙaramin ɗaki inda injinan rumbun bayanai ke gurnani dare da rana. Aikinsu kula da wata manhaja da makarantun ƙananan yara ke sallamar ɗalibai da ita. Kowane yaro yana da gurbi biyu na mutanen da aka yarda su ɗauke shi. Mutum ya zo bakin ƙofa ya faɗi sunansa, malama ta rubuta a waya. In ta ga kore ta miƙa yaro, in ta ga ja ta hana. 'Yarta ma a ɗaya daga cikin makarantun take, yarinyar da ake kira Aku saboda bakinta ba ya hutawa, kuma duk abin da ta ji sai ta maimaita shi.

Tun safe ƙorafi ke shigowa, wai wasu yara sun ɓace daga shafin sallama. Da ta bi sawu sai ta ga duk yaran da suka ɓace masu mutum ɗaya ne, gurbinsu na biyu babu kowa. Har da Aku. Tun rasuwar mijinta bara gurbin nan yake haka, ta kasa sa sunan wani a inda nasa yake. Ko kallon wurin ba ta son yi.

Dattijo, babbansu a ofis, wanda furfura ta riga shekaru zuwa kansa, ya tsaya a bayanta da jaka a kafaɗa.

"Me nake gani haka? Ɗanyar tambaya kike rubutawa?"

"Ɗan aiken ne ke ɓata min lokaci, Yaya. So nake in ga abin da idona."

Ɗan aike suke ce wa sashen manhajar da ke tsaye tsakaninsu da rumbun. Kai dai ka faɗa masa buƙatarka, shi zai juya ta zuwa SQL, yaren da rumbun ke ji, ya tantance, ya kai, ya kawo amsa. Yana da nawa, yana da tsegumi, amma ba ya yarda a aika masa suna wofi, kuma duk gurbin da ya cike da hannunsa sai ya datse shi. Wanda ya rubuta SQL da kansa ya aika kai tsaye kuwa, wato ɗanyar tambaya, ya tsallake wannan duka.

"Ƙanwata, ɗan aike sallama yake yi kafin ya shiga," in ji Dattijo. "Ke kuma katanga za ki haura. Sauri fa ya haifi nawa."

"In na faɗo zan kira ka."

Ya yi dariya ya fita. Ta ji takunsa a matakala har ya ɓace.

Ba ta daɗe ba ta gano ciwon. Tambayar da ke haɗa yara da masu ɗaukarsu tana zubar da duk yaron da gurbinsa na biyu ya ce babu. Don ta tabbatar, ta ce bari ta gwada sa wani suna na ɗan lokaci a gurbin Aku, tunda ɗan wani ba abin gwaji ba ne. Ta rubuta umarnin da hannu, ta manna akwatin sunan a cikinsa kai tsaye, ta danna. Amsa ta dawo: an gyara layi ɗaya. Aku ta bayyana a shafin.

Har ta fara murmushi, sai ta lura ba ta zuba komai a akwatin sunan ba kafin ta aika.

Ta duba gurbin. Da, kalmar da ke nufin babu ce a wurin. Yanzu 'yan alamun zance biyu ne tsaye kusa da juna, ba ko harafi a tsakaninsu. Wanda bai san aikin ba zai ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na farko yana cewa babu kowa. Na biyu yana cewa akwai wani, sai dai ba shi da suna.

"Shirme," ta ce a fili, muryarta ta yi mata wani iri a ɗakin.

Ta rubuta umarnin mayar da shi babu. An gyara layi ɗaya. Ta sake dubawa. Alamun biyu suna nan.

Ta sake aikawa, ta sake dubawa. Suna nan.

A waje hasken ya koma ruwan toka. A lokacin ne ta ankara injinan ƙaramin ɗakin sun yi shiru. Ba mutuwa suka yi ba, ga fitilunsu na ƙyaftawa ta ƙasan ƙofa. Gurnanin ne kawai ya ɗauke. Wani wari ya shigo, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da aka tono daga zurfi, alhali rabon garin da ruwan sama an jima. A ƙarƙashinsa akwai wani ƙamshi da ta sani. Turaren mijinta, wanda ta ɓoye kwalbarsa a ƙasan akwati don kada ta ƙara jinsa.

Wayarta ta yi ƙara, ta zabura. Malamar su Aku ce.

"Maman Aku," in ji Malama, murya ƙasa-ƙasa. "Kin aiko wani ne?"

"Ban aiko kowa ba. Ga ni nan tafe."

"Ga wani a bakin ƙofa. Duk yaran sun tafi, daga ni sai ita. Na tambaye shi sunansa bai amsa ba. Ban rubuta komai a wayar ba, hannuna ne ya taɓa, sai ta nuna kore."

Maman Aku ta dubi alamun biyu a allonta. Ba shakka za ta nuna kore. Ba a rubuta komai ba, sunan da ke gurbin kuma ba komai ba ne. Sun dace.

"Yaya kamanninsa?"

"Ga fitilar ƙofa tana haska shi, amma na kasa ganin fuskarsa. Ko sallama bai yi ba." Malama ta ƙara rage murya. "Aku sai fizgewa take yi, wai Babanta ne."

Daga can nesa ta jiyo muryar 'yarta, cike da murna. "Baba ya dawo! Malama, sake ni, Baba ne!"

Babu abin da ya taɓa tsorata ta kamar wannan murnar.

"Malama, don girman Allah ki riƙe ta. Ki riƙe ta da hannu biyu. Kada ki kashe wayar."

Makarantar da nisa. Ko da tana da fiffike ba za ta riga shi ba. Abin da ke hannunta kawai allon nan ne. Ta manne wayar da kafaɗa, ta sake aika umarnin. An gyara layi ɗaya.

Sai ta ji ƙas, ƙas.

Madannan kwamfuta ne. Daga teburin Dattijo.

Sau biyu kawai, sannan dannawar aikawa. A allonta alamun biyu suka dawo.

Ba ta waiwaya ba. A baƙin gefen allon tana iya ganin ɗakin ta bayanta. Kujerar Dattijo, wadda ya tura ƙarƙashin tebur kafin ya fita, an jawo ta. Ta lotsa kamar an zauna.

"Maman Aku," Malama ta raɗa. "Ya shigo harabar. Ban buɗe masa ba, wallahi ban buɗe ba."

Ta fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Ta sake gogewa.

Ƙas, ƙas.

Ƙafafun kujerar suka yi ƙara a kan tayil. Ta matso.

Warin ƙasar ya cika mata hanci har tana jin ɗanɗanonsa a harshe. Wani numfashi mai sanyi ya sauka a wuyanta. Muryar da ta biyo baya ta mijinta ce, amma a bushe, kamar wanda ya haddace ta.

"Ke kika ce akwai wani."

Hawaye ya zubo mata. Ta san ba shi ba ne. Mijinta bai taɓa shiga ɗaki ba sallama ba, ko ɗakinsa ne.

Sallama.

Maganar Dattijo ta faɗo mata. Duk abin nan ta katanga take ta jifa, ta katangar kuma ake maido mata. Share gurbin ba zai yi ba. Muddin wofi ne, abin yana da wurin zama.

Ta rufe baƙin allon umarni. Ta buɗe shafin manhajar, ƙofar gaba, inda ɗan aike yake. Ya nemi kalmar sirri. Ta yi kuskure. Ta sake.

"Yana miƙo hannu," in ji Malama, tana kuka. "Hannun ya yi tsawo, Maman Aku, hannun ya yi tsawo!"

"Kina riƙe da ita?"

"Ina riƙe."

"Kin yarda in sa sunanki a gurbin ubanta?"

"Sa! Sa ko'ina ne!"

Sunan Malama yana cikin ma'aikatan makarantar. Ta zaɓe shi. Wani abu mai sanyi, mai laima, ya kwanta a bayan hannunta, yana janye shi daga madannan. Ta yi bismillah da ƙarfi, ta danna da ɗaya hannun.

Ɗan aike ya fara juyi a allo.

Yana tantancewa. Da nawarsa ta kullum.

Yana juyi.

An adana. An datse.

Gurnanin injinan ya dawo gaba ɗaya kamar an cire mata auduga daga kunne. Kujerar Dattijo ta yi baya ta bugi bango. A waya Malama tana haki.

"Ta koma ja. Ya tafi. Ban ga ta inda ya bi ba."

Maman Aku ta bar jakarta da takalminta ɗaya a ofis. Da ta isa makarantar ta tarar da Malama zaune a ƙasa ta rungume yarinyar, sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. A wuyan hannun Aku akwai shatin jiƙaƙƙiyar ƙasa. An wanke, an wanke, sai da ya ga dama ya fita.

Washegari Dattijo ya ga kujerarsa da taɓo a jiki. Ya dube ta, ya dubi shatin ƙasar da ke bayan hannunta. Shi ya gyara tambayar da ke zubar da yaran, ta hannun ɗan aike, ya kuma sa dokar da ta hana rumbun karɓar suna wofi. Ita kuwa ba ta ƙara rubuta ɗanyar tambaya ba, rana kuma ba ta ƙara faɗuwa ta same ta a ofis ba.

Aku ce dai ta canza. Yarinyar da ake roƙo ta yi shiru ta koma sai an roƙe ta ta yi magana. Uwar ta yi kewar surutun nan har cikin ƙashinta. Da magariba sai yarinyar ta je ta zauna kusa da ƙofa, tana kallon ƙasanta.

Bayan wasu watanni, wata yamma, Malama ta kira. Ta samu aiki a wani gari, ta ce, yau ta yi bankwana, shugabar makaranta ma ta riga ta cire ta daga cikin ma'aikata. Maman Aku ta buɗe baki za ta yi mata fatan alheri, sai maganar ta maƙale. Ta san abin da ɗan aike ke yi idan aka cire ma'aikaci. Yana bin duk gurbin da sunan mutumin yake ya kwashe, ya bar shi babu kowa. Dokar Dattijo suna wofi ta hana, ba gurbi wofi ba.

Ta waiwaya tana neman kwamfutarta.

Aku tana bakin ƙofa, ta riga ta sa takalmanta. Tana murmushi, karo na farko tun ranar.

"Mama," ta ce, da wata busasshiyar murya da ba tata ba, irin yadda take maimaita abin da ta ji. "Ba komai. Zan jira."