Shafi Takwas na Ƙarshe

Ina da wata mummunar ɗabi'a: kafin in fara littafi sai na leƙa shafin ƙarshe. Matata ta yi faɗan har ta gaji. Wannan karon zan daure in fara daga farko.

Wata Laraba ce, a shagon ɗinkin littattafai da ke manne da laburaren unguwa. Saurayin da ke da shagon yana shafa gam a bayan wani ƙamus, sai ga wata malamar firamare ta shigo rungume da littafin da ta aro, wai ta zo gode wa wanda ya gyara shi. Labarin matasa ne, na fatalwar wata ɗaliba da ke ƙwanƙwasa tagar ɗakin kwanan 'yan mata, da ƙawaye uku da suka sha alwashin gano wanda ya kashe ta.

Ta ce ba ta taɓa karanta irinsa ba. Marubucin ya tsaya cak daidai lokacin da aka buɗe ƙofar sito, bai faɗi abin da aka gani ba. Wannan, in ji ta, shi ake kira girmama mai karatu.

Saurayin ya ajiye ƙamus ɗin. Shafi takwas na ƙarshe suna cikin durowarsa. Ya manta bai ɗinke su ba, sai bayan an mayar da littafin ya gan su a ƙarƙashin almakashi. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ta yi murmushi, wushirya ta bayyana.

"Ni ma abin da na ce ke nan," in ji shi.

Daga nan ya sa mata suna Alƙaliya, don ba littafin da ke tsira daga hukuncinta. Ita kuma ta kira shi Mai Zare. Wata bakwai yana kwana yana tashi da shafukan nan a zuci. Sau uku yana sa su a aljihu ya nufi gidansu, sau uku yana dawowa da su.

"Mai Zarena, kai kaɗai ka fahimci ƙarshen littafin nan. Shi ya sa na san ka fahimce ni." Wannan saƙon ya karanta shi a tsaye, ya nemi kujera.

Akwai wani mai kemis da ya daɗe yana zarya a gidan su Alƙaliya, mai turare da mota. Ya ji ana yabon littafin, ya je ya sayi sabo ya karance shi tas. Ranar Asabar, a gaban babanta, ya ce ai ba wata fatalwa, 'yar'uwar mamaciyar ce ke ɓuya a sito. Ta ce ƙarya yake, har da rantsuwa. Ya miƙa mata nasa.

Washegari ta zo shagon, ba sallama. Ta buɗe bangon baya, ta ɗora yatsa a kan zaren da ya ƙare a inda bai kamata ba. Mai Zare ya ja durowa ya miƙa mata shafukan. Ta karɓa ta fita.

Babanta tsohon kafinta ne, mutumin da ke shafa ƙarƙashin tebur kafin ya yaba samansa. Ya ce mantuwa ta kowa ce, shi ma ya taɓa kai kujera da ƙafa uku. Amma wanda ya bar aiki a rabi ya yi shiru wata bakwai, ba zai ba shi 'yarsa ba. Mamanta ta sa baki, ya ce ta bar maganar.

Mai Zare ya daina cin abinci. Ya aika saƙo goma sha ɗaya, duk an karanta, ba amsa.

"Alƙaliyata, ki yanke min kowane hukunci, amma ki yi min magana. Na ji tsoron in na ba ki shafukan za ki tafi da murmushin. Wallahi shirunki ya fi min fatalwar ban tsoro."

Aka ce masa iyayen mai kemis za su zo neman aurenta ƙarshen wata. Ya rufe shagon, ya roƙi mai kula da laburare ta fito masa da duk littafin da ya taɓa ɗinkawa. Ɗari biyu da sha huɗu ne. Kwana tara yana zaune a ƙasa yana bin su shafi-shafi, yatsansa ya yi kanta. Ya sami biyu da ya ɗinke wani sashe a kife. Ya kwashe su bai gyara ba, ya je ya durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, ga sauran laifina. Ba wanda ya gani, ni na tono."

Tsohon ya juya littattafan, ya shafa bayansu, ya daɗe. Sannan ya ce ɗinkin dai ba laifi, ya ce masa ya tashi ya je ya ci abinci, don ya zama kamar tsinke.

Kafin Mai Zare ya kai bakin titi wayarsa ta yi ƙara.

"Na karanta shafukan. Ƙarshen banza ne, ashe gyara wa marubucin aikinsa ka yi. Amma in ka sake ɓoye min ko waƙafi ne, za ka gane kurenka. Ka ci abinci, Mai Zarena."

Ya zauna a gefen kwata ya yi kuka, masu wucewa suka ɗauka rasuwa aka yi masa.

An ɗaura auren bayan wata uku. Tsohon da kansa ya ƙera musu kantar littattafai, ya sa musu albarka, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, kowa ya ce amin. Mai kemis ma ya zo, turarensa ya riga shi shigowa.

Littafin yana nan a saman kantar, cikakke, an ɗinke shi da kyau. Har yau Mai Zare bai karanta shi ba.