Fuskar Kaka a Cikin Kwamfuta

Ranar Talata ce. Hadari ya haɗu tun da hantsi, amma ruwa bai sauko ba.

Akwai wani yaro a Danwarai, ɗan aji uku a ƙaramar sakandare. Yana ɗaukar bidiyo da wayar babansa. Ya ɗauki kakarsa Tabawa tana ba da labarin ƙuruciyarta. Yana son kwamfuta don ya yanke bidiyon, ya haɗa shi da kyau.

Baban ya sayar da albasar da ya ajiye, ya ba shi kuɗi.

"Ba su da yawa," in ji baban. "Ta hannu za ka saya. Ka jira yayarka Zulai ta zo ran Asabar. Ita ta san abin."

Zulai tana karatun kwamfuta a jami'a, a Aliero.

Yaron bai jira ba. A ranar ya hau mota zuwa Jega.

A wani shago ya ga kwamfuta biyu, kuɗinsu ɗaya. Ɗaya ja ce, tana sheƙi. Ɗaya baƙa ce, mai nauyi, duk ta ƙoƙe.

"Mi za ka yi da ita?" in ji mai shago.

"Ni dai jar nake so."

"Baƙar ta fi ƙarfi, ɗan samari."

"Waccan tsohuwar? Abokaina su yi mini dariya?"

Ya biya, ya rungumo jar.

Da la'asar ya iso gida. Gari ya yi duhu. Ko kaza ba ta motsi.

Kaka ta kira shi daga ɗakinta. "Maigida, taho in ga kaina."

Ya zauna a tabarma, ya sa bidiyon. Ga Kaka a allo, tana dariya.

Sai kwamfutar ta fara nishi. Ƙasanta ya yi zafi. Fuskar Kaka ta tsaya cak, ido a lumshe, baki a buɗe.

Muryar ba ta tsaya ba. Ta yi kauri, tana ja a hankali, kamar daga cikin rijiya. Sannan allon ya yi baƙi.

Kaka ta daɗe tana kallonsa.

"Rufe shi," ta ce. "Na ga gawata."

"Kaka, na'ura ce kawai."

"Wanga abu ya ga abin da ba ku gani ba."

Ta ƙi cin tuwo. Ranar Laraba ta kira maƙwabta, tana neman gafara. Ranar Alhamis ko kunu ba ta sha ba.

Yaron ya lulluɓe kwamfutar da buhu. In ya wuce kusa da ita, sai ya kauda kai. Shi ma tsoro ya kama shi.

Baban bai dake shi ba. Ya ce, "Dubi uwata. Dubi aikinka." Ya buga wa Zulai waya.

Zulai ta zo ran Juma'a da safe. Ta yaye buhun, ta kunna, ta duba ciki.

"Ram biyu!" ta ce. "Kai, sarkin sauri, ka ɗora wa jaririn jaki buhu goma. Dole ya durƙushe."

"Mene ne ram?"

"Wurin da take riƙe aiki. Bidiyo kaya ne mai nauyi. Ka nemi mai ram takwas, mai inji mai ƙarfi. Fenti ba ya haɗa bidiyo."

Suka koma Jega tare. Yaron ya gaida mai shago, kansa a ƙasa.

"Na san za ka dawo," in ji mai shago. Ya karɓi jar, ya miƙo baƙar.

"Kada ka taɓa saye ba ka gwada ba," in ji Zulai. "Sa bidiyonka a nan."

Ya sa. Ya yanke, ya haɗa. Bidiyon bai tsaya ba ko sau ɗaya.

A gida Kaka ta juya wa bango fuska. Zulai ta riƙe hannunta.

"Kaka, waccan gajiya ta yi, ba duba take ba. Kalli wannan."

Kaka ta leƙa da ido ɗaya. Ga ta tana magana, tana tafi, tana dariya har ƙarshe.

"Ashe haka haƙorana suka zube?" ta ce. "Ba wanda ya gaya mini!"

Kowa ya yi dariya. Ta ce a kawo mata fura.

Baban ya dubi yaron. "Abu mai kyau a ido daban, mai aiki daban. In ba ka san abu ba, ka jira wanda ya sani."

"Na ji, Baba."

Washegari da safe ya kai wa Kaka koko da ƙosai. Ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Bai tashi ba sai da ta cinye.