Icen Shekara Biyu

Ranar da sanyi ya fara cizo a ƙauyenmu, gajimare ya sauko daga kan dutse tun kafin magariba, ya haɗiye gidajen katako ɗaya bayan ɗaya. Rustem ya ɗebo ice daga rumfa, ya zube gaban murhun ƙarfe, ya ɗauki guda biyu ya gwara. Suka ba da sauti ƙwas, kamar ƙashi ya bugi ƙashi.

"Kin ji yadda busasshen ice yake magana?" ya ce wa matarsa Gulizar. "Je ki gwara na ƙaninki, sai ka ce an yar da jiƙaƙƙen tsumma."

Icen bishiyar da muke kira kayin ne, mai santsin ɓawo, wanda garwashinsa ke kwana da rai. Tun bara waccan ya sare bishiyar, ya faskare ta tana ɗanya, don kayin in ya bushe a dunƙule, gatari baya yake yi. Ya jera shi kan duwatsu don kada ya taɓa ƙasa, ya rufe samansa, ya bar gefe iska na ratsawa. Shekara biyu bai yarda an ƙona ko sili ba.

Nazife, 'yarsu mai shekara goma sha huɗu, ita ta hura wutar. Wuta na kamawa dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya biyo. Na uku a cikin ɗaki ya sauka, kusa da tukunyar miyar kabeji, alhali rufin ba ko huda. Nazife ba ta kalli dutsen ba. Murhu take kallo.

"Inna, wa ke kuka a cikin wuta?"

Daga nan gidan bai ƙara ganin magariba lafiya ba. Ana kiran salla jifa ke farawa. Da safe a iske icen rumfa ya sauko daga jeri, ya tsaya tsaye a kewaye, kamar yana neman komawa bishiya. Nazife ta daina ci. A rumfar ake samunta, ta rungume faskare, jikinta sanyi ƙalau. Rustem ya ce aljanin lalaci ne, kuma ya san maganinsa. Ya zare bel ya dake ta har hannunsa ya gaji, ita kuwa tana dariya da muryar tsohuwa. Washegari Gulizar ta ƙetare rafi ta zo da Hoja Sadettin, malamin da ke yi wa irin wannan ciwo karatu.

Hoja bai fara da yarinyar ba. Rumfa ya shiga, ya daɗe, ya fito yana kakkaɓe hannu.

"Rustem, ka kwanar da gatari?"

A wajenmu ba a kayar da tsohuwar bishiya da ka. Sai ka kafa gatari a jikinta da yamma, ka yi sallama, ka tafi. In ka iske shi yadda ka bar shi, sari. In ka iske shi a ƙasa, gidan wasu ne, ka nemi wata.

"Na kwanar, Hoja."

"A ina ka same shi?"

"Iska ce ta yar da shi. Injin yanka na aro ne, yini ɗaya aka ba ni. Sai in tsaya jiran izinin iska?"

Hoja ya shige ɗaki. Ya zaunar da Nazife, ya dafa kanta, ya fara karatu. Hasken taga na raguwa, ɗakin na ƙara sanyi. Can yarinyar ta ɗago, fuskarta ta tattare kamar ta mai shekara ɗari.

"Ya isa, tsoho. Ba kurma ba ce ni."

"Wace ce ke, me ya haɗa ki da 'yar mutane?"

"Ni ce mai gidan da ubanta ya sare. Na yar masa da gatari, ya gani. Ya tsaga mana ɗakuna, muka haƙura, muka zauna cikin faskaren, rana na gasa mu shekara biyu. Ban jefi kowa ba. Sai ga shi an saka mini ɗan auta a murhu yana barci, da hannun wannan."

"Ku da aka yi da wuta, wuta ke cin ku?" in ji Hoja.

"Kai da aka yi da ƙasa, zo in binne ka mu gani."

Gulizar ta toshe bakinta da gyale. Hoja ya ce yarinya ba ta sani ba, aikenta aka yi, a faɗi abin da ake so.

"A mayar mini da gidana gindinsa, duka, kafin dusar ƙanƙara ta zubo."

"Duka?" Rustem ya matso. "Mu kuma mu hura me? Ɗanyen ice, hayaƙi ya kashe mu? Ni in bi gida-gida ina roƙon faskare? A yi rabi."

"Maigida, 'yarka ce ake magana," in ji Gulizar.

"Rufe mini baki. Ba ke kika faskara ba."

Muryar ta yi dariya a hankali. "Ku ji da kyau, ga malami shaida. Abin da aka riƙe mini, zan riƙe kwatankwacinsa a jikin yarinyar nan. Kuma in na tafi ba na waiwaye."

Hoja ya kafe Rustem da ido har ya ce ya yarda a mayar duka.

Kwana da kwanaki suna jida, shi da alfadari, Gulizar da igiya a baya, yadda matanmu ke ɗaukar kaya. Rumfa ta zama wayam. Abin da Gulizar ba ta sani ba, Rustem ya ware faskaren gindi, masu kauri, waɗanda guda ke kai mutum asuba. Ya tura su ƙarƙashin ciyawa a garken shanu. A ganinsa aljani ba ya ƙirga ice.

Ranar da aka kai kayan ƙarshe Hoja ya dawo ya yi karatu. Nazife ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗi. Jifa ta tsaya. Ta buɗe ido, idonta nata ne, muryarta tata.

"Inna, yunwa nake ji."

Gulizar ta fashe da kuka, ta kama ta za ta tayar. Yarinyar ta sulale. Ta dubi ƙasa, ta mintsini cinyarta, ta ƙara mintsina.

"Inna, ba na jin ƙafafuna."

Hoja ya juya ya kalli Rustem. Rustem ya kalli bango. Gulizar ba ta tambayi kowa ba. Ta fita, ta birkice garke har ta tono icen, ta ɗaure abin da bayanta zai iya, ta kama hanyar dutse. Ƙanƙara ta fara zuba tana tsakiyar hawa. Sawu uku ta yi, na ƙarshe da rarrafe.

A gindin bishiyar babu komai sai kayan sawu biyun farko da ta kawo. Tulin da suka jide ya ɓace, ba sawun mutum, ba na dabba. Ta zube kayan, ta durƙusa, ta yi sallama, ta roƙa a karɓi ƙafafunta a madadin na 'yarta. Ta kira har muryarta ta dushe. Dajin ya yi tsit, ƙanƙara na rufe faskaren a hankali.

Duhu ya fara lokacin da ta turo ƙofa. Nazife na kwance cikin bargo. Rustem na tsugune gaban murhu yana fama da ɗanyen reshe, hayaƙi ya cika ɗaki.

"Sun karɓa?" ya tambaya.

Ta girgiza kai.

Ya busa wutar, ta ƙi. Sannan ya ɗago ya dubi bayanta, inda igiya ke reto ba kaya.

"To icen fa? Can kika baro shi ya jiƙe?"