Karatun Lubna

"Abban Lubna, 'yarka ba ta iya karatu ba."

Haka na faɗa masa kai tsaye a ƙofar ajin da nake koya wa yaran 'yan Najeriya boko ranar Asabar a unguwar Darrasa, kusa da jami'ar Azhar. Ni Fiddausi ban iya kwana-kwana ba.

Malam Sharhabilu ya ɓata rai. "Haba Malama... yarinyar da ke karance littafin aji biyu tas, ko gargada babu?"

"Kira ta mu gani."

Na buɗe littafin, na juya shi sama a ƙasa, na miƙa mata. Lubna ta gyara zama, ta ɗora yatsa a kan layi, ta kama zuba labarin tiryan-tiryan, har da rausaya kai.

Bawan Allah ya yi tsuru-tsuru.

"Yaya kake koya mata?" na tambaye shi.

"Yadda aka koya mini mana. In biya mata, ta maimaita, har ya zauna."

"To ai hadda ka ba ta. Ko harafi ɗaya ba ta gani."

Na yi zaton zai yi musu, irin na masu digiri na uku a Azhar. Sai kawai ya nemi benci ya zauna.

"Shi ke nan, za a raba ni da ita."

A nan ya faɗa mini komai. Mahaifiyar Lubna ta rasu tun yarinyar ba ta yi wayo ba. Hajiyarsa kuma tsohuwar hedimistires ce a Funtuwa, ta ce idan aka yi dogon hutu Lubna ba ta karatu da rubutu kamar 'yan aji biyu ba, ya sako mata jikarta a jirgi, khalas, magana ta ƙare.

"Ita kaɗai gare ni a garin nan, Malama."

Tausayinsa ya kama ni, bakina kuma ya yi sanyi. "Ma'alish, ba komai. Ka riƙa kawo ta gidanmu bayan la'asar. Amma littafin nan, kada ta ƙara ganinsa."

Mun sha fama. Yarinyar da ta saba da masha Allah kullum, ga ta yanzu tana ba, be, bi kamar 'yar rabin aji. Kuka take yi, ta ce Abbanta take so. Ni ma ba haƙuri ne da ni ba, amma sai in zuba fulawa a faranti, in kama yatsanta mu zana harafi, mu shafe, mu sake. Na yayyanka haruffa daga kwalin shayi muna haɗa su a kan tabarma. Ranar da ta haɗa kalmar gida da kanta, ta ɗago ta kalle ni, sai da na yi hawaye.

Shi kuwa ba ya hawowa sama. Yana ƙasan bene da ledar gwaba, kansa a sunkuye. "Sannu da ƙoƙari, Malama... mun gode." Magana ke nan kullum, ko ƙari babu. Ina son sa, kuma haushin wannan kunyar tasa nake ji.

Ranar da Hajiya za ta jarraba Lubna muka zauna a ajin, ya kira Hajiya ta kwamfuta. Ta bayyana da tabarau a kan hanci, ga ƙaramin allo da alli a hannunta. Na koma gefe inda ba za ta gan ni ba.

"Ba na son littafi," in ji ta. "Abin da na rubuta yanzu za ta karanta."

Ta daɗe tana kallon jikarta, sannan ta yi rubutu ta ɗaga allon.

Lubna ta matsa. "Wa... ya... yi... mi-ki..." Ta tsaya. Abbanta ya buɗe baki zai biya mata, na harare shi, ya haɗiye.

"Kit... so. Wa ya yi miki kitso?" Sai ta yi dariya. "Anti Fiddausi ce!"

"Rubuta mini amsar."

Ta rubuta, haruffan a karkace, amma sun karantu.

Hajiya ta cire tabarau ta goge idonta. "Tubarkalla. Ta zauna wurinka, Sharhabilu. Ina ita Fiddausin? Matso in gan ki, 'yata."

Na matso, na gaishe ta, kaina a ƙasa.

"Ke ce karatun, ke ce kitson?"

"Ni ce, Hajiya."

"'Yar gidan wa ce ke, a wane gari?"

"Hajiya..." in ji shi a hankali, "ai ni ban ma yi mata maganar ba tukuna."

"Ba da kai nake ba."

Na kalle shi. Karo na farko bai sunkuyar da kai ba. "Ina son ki, Fiddausi," ya ce, "in za ki yarda."

Na juya wajen Hajiya, na faɗa mata sunan Baba, da unguwarmu a Gusau, har da masallacin da ke kusa da gidanmu, don kada masu zuwa su ɓata.