Gidan Wasan Sabangali

Lailatu na durƙushe tana wanke shinkafa a tsakar gidanta da ke unguwar Sabangali, sai ga yayanta Muttaka ya faɗo ba ko sallama, yana yamutsa fuska kamar ya taka ƙazanta.

"Har yau kina nan wurin mai wasan yara? Tashi ki haɗa kayanki, Inna ta ce ki dawo gida!"

"Haba Yaya Muttaka! Laifin me ya yi mini?"

"Laifi? Ƙato da gemunsa ya wuni yana gadin akwatunan da ko ƙuda ba ya sauka a kansu! Kalas, aure ya ƙare!"

Gaskiya ne, gidan wasan mijinta Lukumanu ya mutu murus. Tsofaffin injunan da ake jefa wa kwabo sun gundiri samari, duk sun watse. Amma Lailatu ta share hawaye ta ce ba inda za ta. Daga ranar dangi suka ɗauke mata ƙafa.

Lukumanu kuwa bai zauna ba. Ya sayar da babur ɗinsa, ya sayo tsofaffin kwamfutoci, ya haɗa su da waya ɗaya. Ya sa musu wani sabon gem na harbe-harbe da ake yi ƙungiya da ƙungiya, kowa da abin ji a kunne, har takun abokin gaba kana ji a bayanka. Kafin damina ta fita, 'yan makaranta har daga unguwar Boutalbagar suke zuwa suna layi.

"Kai, bayanka! Harbe shi, harbe shi!"

Lailatu na bakin ƙofa tana sayar musu da zoɓo mai sanyi, tana dariya.

Wata Juma'a da la'asar sai ga Muttaka da ledar turare, baki har kunne.

"Alhaji Lukumanu! Surukina na kaina!"

Alhaji? Mutumin da ko filin jirgi bai taɓa takawa ba! Muttaka ya baje a tabarma, ya sassauta murya.

"Shawara na kawo. Yaran nan, kowace ƙungiya ta riƙa ajiye kuɗi kafin wasa. Wadda ta ci ta kwashe, mu kuma mu cire namu. Inna ma ta ce in kuka sa ni a ciki, komai ya wuce."

Lukumanu ya sunkuyar da kai. Ya san yadda matarsa ke kukan kewar mahaifiyarta a ɓoye.

"Lailatu," ya ce a hankali, "ko don Inna..."

"A'a wallahi!" Ta miƙe tsaye. "Wato sai mun koya wa 'ya'yan mutane caca sannan in zama 'yar Inna? Tir! Yaya, ɗauki turarenka, warinsa ma amai yake sa ni!"

Muttaka ya fita yana zage-zage. Ya je unguwar Gardolé ya buɗe nasa gidan wasan, da cacarsa da komai. Ba a jima ba wani saurayi ya saci sarƙar uwarsa ya zuba a wasa, aka kaure da faɗa har da wuƙa. Iyayen unguwa suka taru suka garƙame wurin. Na Lukumanu kuwa, iyaye da kansu suke rako 'ya'yansu.

Wata safiya Lailatu ta ji sallamar da ta daɗe ba ta ji ba. Mahaifiyarta Inna Hajjo ce tsaye, idanunta jajir.

"Ni ban taɓa aiko Muttaka da zancen caca ba, 'yata. Amma na biye masa na wulaƙanta mijinki. Ku yafe mini."

Lailatu ta faɗa jikinta tana kuka, Lukumanu ya durƙusa ya gaishe ta.

To 'yan'uwa, mace ta riƙe mijinta a lokacin babu, ta kuma tsare shi daga haram a lokacin samu. Dangin da kwaɗayi ya kawo, kwaɗayi zai mayar da su. Na gaskiya kuwa, haƙuri ne ke dawo da su har gida.