Tef ɗin Dattijo

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, Ugochukwu ya buɗe shago a Sabon Gari, yana juye tsofaffin kaset zuwa faifan CD. Wani dare yana shirin rufewa sai ga wani dogon dattijo ya shigo da tsohon tef mai zagaye, irin na gidan rediyo, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Juye mini wannan yanzu," in ji dattijon. Sai da ya rufe baki sannan muryar ta fito.

Ugochukwu ya ɗora tef ɗin ya kunna. Ƙarar duka ta cika shagon, ana lafta wa wani mutum ƙarfe, ƙashi na karyewa, mutumin yana kurma ihu.

"Baba, ni ba zan iya wannan aikin ba."

Ya kai hannu zai kashe, dattijon ya cafke hannun da yatsu masu sanyin ƙanƙara, ya murɗe har ya ce ƙas.

"Saurara dai, ɗana."

Mai ihun ya fara roƙo da harshen Ibo, yana kiran Chinenye, matar Ugochukwu. Nan Ugochukwu ya gane muryar, tasa ce. Daga inda yake tsaye, dattijon ya miƙa ɗaya hannun har bakin titi, ya jawo ƙofar shagon ya rufe.