Tawul a Ƙarƙashin Riga

"Mene ne wannan, Amarya?"

Shigowar Auta ke nan daga doguwar tafiya. Ko makullin babbar motar bai ajiye ba ya rungumi matarsa, sai wani abu ya zame daga ƙarƙashin rigarta ya faɗi ƙasa. Tawul ne, an ninke shi da kyau, har da igiya.

Ta sunkuya za ta ɗauka, ya riga ta.

"Cikin ma na ƙarya ne?"

"Wallahi akwai ciki, masoyi... ƙarami ne kawai."

"Wata takwas fa!"

Ta ɗage rigar ya gani da idonsa. Cikin yana nan, amma wanda bai sani ba zai rantse na wata biyar ne.

Gidan su Auta gidan manyan jarirai ne, kuma Inna, mahaifiyarsa, ba ta gajiya da faɗa. Baƙo ko ruwa bai sha ba sai ya ji yadda ungozoma ta yi gumi ranar haihuwar Auta. Da cikin Amarya ya ƙi fitowa, Inna ta sa ta a gaba, wai tsoron ƙiba ke hana ta ci. Amarya ta ci har ta yi amai, ta sake ci, cikin bai ƙaru ba. Da gori ya ishe ta sai ta hau kekenta na ɗinki ta yi wa tawul igiya. Daga ranar Inna ta sakar mata fuska. Ita kuma ta daina zuwa awo, don Inna ke raka ta, kuma a can sai an ɗage riga.

Auta ya ɗora tafinsa a kan cikin.

"Yana motsi?"

"Ya rage... tun shekaranjiya."

"Ɗauko mayafinki!"

A asibiti, likita ta daɗe tana kallon hoton cikin kafin ta yi magana.

"Ba rashin ci ba ne. Jininki ya hau, mabiyiya ba ta kai wa jaririn abin da zai ishe shi. Kina ci, shi yana kwana da yunwa. Da kina zuwa awo da mun gani tun da wuri. Yanzu sai dai a yi aiki a ciro shi yau."

Amarya ta juya fuskarta bango. Ta tsani kanta a lokacin, ta tsani keken ɗinkin ma.

Inna ta iso tana haki.

"Aiki? A ciro ɗan da bai ƙosa ba? Auta, ban yarda ba! A kai ta gida, ni zan ciyar da ita."

Auta bai taɓa musa mata ba, ko a kan kalar riga. Ya durƙusa a gabanta, cikin mutane.

"Inna, ki yafe mini. Yau kam ba zan bi maganarki ba."

Ta dube shi, ta gyara mayafinta ta fice.

Mace aka ciro. Cinyarta ba ta fi babban yatsan ubanta kauri ba. Aka sa ta a kwalba, don jikinta ba ya riƙe ɗumi, ana ɗura mata nono ta siririn bututu saboda ba ta da ƙarfin tsotso. Likitar ba ta yi musu alkawarin komai ba. Ta ce wasu irinta suna kamo tsaransu, wasu suna jinkirin girma da koyo, sai an riƙa kawo ta ana dubawa.

Da aka fito da ita daga kwalba, ma'aikaciyar jinya ta ce a riƙa ɗora ta a ƙirji, fata da fata, ba a saukewa. Ɗinkin Amarya na ciwo, don haka Auta ya buɗe maɓallan rigarsa ya karɓe ta. Maigidansa ya kira ya gaji, mota ta tafi da wani direban.

"Ka tafi ka huta, rabin raina," in ji Amarya. "Gyangyaɗi kake yi."

"In na tashi wa zai riƙe ta?"

Babu mai riƙewa, su biyu ne kawai.

Wata safiya ƙofa ta buɗe, Inna ta shigo ba ko murmushi. Amarya ta gaishe ta, ta amsa a ciki. Ta tsaya kan Auta tana leƙen ɗan kan da ke cikin rigarsa.

"Wannan ce duka?"

"Ita ce, Inna."

"Tashi ka ba ni wuri. Ƙirjin namiji duk ƙashi ne."

Ta zauna, ta sassauta rigarta, Auta ya ɗora mata jaririyar. Canjin wurin bai yi wa yarinyar daɗi ba. Ta yamutsa fuska, ta tsala ihun da tun haihuwarta ba su ji irinsa ba.

Hawaye ya gangaro wa Inna, ba ta share ba.

"Ke 'yar nan," ta ce da Amarya, "jikin dai ban san na wa ba ne. Amma bakin nan na gidanmu ne."